Mai Sayen Abinci Tsakanin Godiya Da Neman Haƙƙi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa, Ya fitar da abinci iri iri domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda da jinta sai a ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa ta shafi ladabin Musulmi, ta shafi dukiyarsa, ta kuma shafi tarbiyyar 'ya'yansa. Mas'alar ita ce: mutumin da ya biya kuɗinsa a gidan sayar da abinci, aka kawo masa abin da bai gamshe shi ba, me ya kamata ya yi? Shin zai haɗiye ne ya yi shiru, tun da ya tabbata cewa Annabi (S.A.W.) bai taɓa aibata abinci ba? Ko kuwa zai buɗe baki ya yi magana, tun da shari'a ta haramta algus, ta kuma bai wa mai saye damar neman haƙƙinsa? Duka biyun suna da tushe ingantacce a addini, kowanne kuma yana jan mutum zuwa nasa ɓangare. Wanda ya riƙi ɗaya ya saki ɗaya, to, ko dai ya zama mai butulci, ko kuwa ya zama mai taimakon macuci a kan cutarsa.

Da can wannan tambaya ba ta cika tasowa ba a garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo, domin ba al'adar magidanci ba ce ya kwashi iyalinsa su tafi cin abinci a waje. Tuwon sayarwa na matafiyi ne da baƙo da gwauro. In magidanci ya so faranta wa iyalinsa rai, sai ya biya wurin mahauci ya sayi tsire ko balangu, a ƙunshe masa a takarda, ya kai gida a raba. Amma zamani ya zo da gidajen abinci na gaggawa, waɗanda asalinsu ƙasar Amurka ce. A can ne aka buɗe gidan White Castle cikin 1921, sa'an nan cikin 1948 wasu 'yan'uwa biyu masu suna McDonald suka tsara dafa abinci kamar yadda ake ƙera kaya a masana'anta, watau kowane ma'aikaci da ɗan aikin da yake maimaitawa. A Nijeriya kuwa, gidan Mr Bigg's da aka buɗe a birnin Ikko cikin 1986 yana cikin waɗanda suka yayata wannan salo, daga baya irin waɗannan gidaje suka bazu zuwa manyan birane, har da Sakkwato. Abin da aka fi saninsu da shi shi ne wanda ake kira baga, watau ɗan kewayayyen burodi da ake tsagawa biyu, a sa soyayyen niƙaƙƙen nama a tsakiya tare da albasa da tumatir da ganye.

To, a ƙaddara wani magidanci a Wurno ya kwashe albasarsa ya sayar, ga Salla ta kewayo, yara kuma sun dame shi da labarin wannan abinci da suke gani a hoto. Ya ɗauki uwargida da yara, suka bi ta Achida suka shiga Sakkwato, suka zauna a ɗaya daga cikin gidajen nan. Ya biya kuɗin da zai isa cefanen gidansa na kwana da kwanaki. Aka bar su zaune har yara suka fara gyangyaɗi. Da aka kawo abincin, sai ga burodi ya bushe, nama ɗan mitsitsi kuma ya huce, dankali ya sha mai ya yi laushi, lemo babu sanyi. Abin da ke cikin faranti bai kai rabin abin da ke cikin hoton bango ba, ashe kallon kitse aka yi wa rogo. Yara suka taɓa suka ture, uwargida ta kau da kai, shi kuwa zuciyarsa ta fara tafasa.

Kafin wannan bawan Allah ya ce uffan, wajibi ne ya rarrabe abubuwa uku da suka cakuɗe masa cikin ɓacin rai guda, domin kowanne da hukuncinsa. Na farko, abin da bai yi masa daɗi a baki ba. Na biyu, abin da aka tauye masa daga cikin abin da ya biya. Na uku, abin da zai iya cutar da lafiyar mutane. Yawancin husumar da ake yi a wuraren sayar da abinci, daga cakuɗa waɗannan uku take tasowa.

Abin Da Baki Bai So Ba

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa halin Annabi (S.A.W.) game da abinci shi ne, in ransa ya so sai ya ci, in bai so ba sai ya bari, ba tare da ya kushe shi ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu cikin shekara ta 676 bayan hijira, ya bayyana cewa faɗin gishiri ya yi yawa, ko ya yi tsami, ko bai nuna ba, duk yana cikin aibata abinci. Wasu malamai sun rarrabe tsakanin kushe halittar abinci da kushe yadda aka dafa shi, suka ce na farko ne abin ƙi, domin halitta aikin Allah ce. Amma Ibn Hajar, mai sharhin Bukhari, ya karkata ga cewa hanin ya haɗa duka biyun, saboda kushe girki yana karya zuciyar wanda ya dafa.

Wannan ladabi bai tilasta wa kowa cin abin da ba ya so ba. An taɓa ajiye wa Annabi (S.A.W.) gasasshen damo a ɗakin matarsa Maimuna, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya amsa masa da cewa ba haramun ba ne, sai dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, don haka ransa ba ya sonsa. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa. Haka kuma lokacin da yake baƙunta a gidan Abu Ayyub Al-Ansari a Madina, an aiko masa da abinci mai tafarnuwa bai ci ba, da aka tambaye shi ya bayyana cewa warinta ne ba ya so, bai kuwa haramta ta ba. A duk wurare biyun ya danganta ƙin ga kansa, ya bar abincin da mutuncinsa. Akwai bambanci mai nisa tsakanin mai cewa "ban saba da wannan ba" da mai cewa "wannan ai ko kare ba zai ci ba". Na farko labarin kansa ya bayar, na biyu kuwa ni'imar Allah ya wulaƙanta.

Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Bani Isra'ila a cikin Suratul Baƙara, aya ta 61. An saukar musu da mannu da salwa ba tare da noma ko farauta ba, amma suka ƙosa, suka nemi Annabi Musa ya roƙa musu ganyaye da kokwamba da adasu da albasa, da wani abu da wasu masu tafsiri suka fassara da tafarnuwa, wasu suka ce alkama ce. Mutumin Wurno ya san waɗannan kaya sarai, domin albasa da tafarnuwa da alkama duk ana noma su a fadamarsa, kuma da su aka san garin a kasuwanni na nesa. Babu laifi ga albasa, babu kuma laifi ga mai sha'awarta. Abin da aka zargi mutanen nan da shi shi ne raina abin da ke hannunsu da gajiya da ni'ima. Wannan cuta kuwa ba ta zaɓen wuri, tana kama mutum a gaban akushin tuwo, tana kama shi a gaban farantin zamani.

Saboda haka, in damuwar magidancin nan ita ce bakinsa bai saba da niƙaƙƙen nama ba, ko miyar da aka shafa wa burodin ta yi masa zaƙi, to, ba shi da ƙara a kan kowa. Shi ya zaɓa, aka kuwa ba shi abin da ya zaɓa. Sai ya ci abin da zai iya ci, ya gode wa Allah, gobe ya san inda zai kai kuɗinsa.

Abin Da Aka Tauye

Amma fa ciniki daban, liyafa daban. Baƙon da aka karrama kyauta aka ba shi, ba shi da abin faɗi sai addu'a. Mai saye kuwa yarjejeniya ya ƙulla, ya ba da dukiyarsa domin a ba shi wani abu sananne. Alƙur'ani da kansa ya nuna halaccin zaɓe ga mai sayen abinci. A cikin Suratul Kahfi, aya ta 19, da samarin nan suka farka daga dogon barcinsu, sun aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa, suka umarce shi ya duba abincin da ya fi tsarki da kyau ya sayo musu, suka kuma gargaɗe shi ya bi a hankali cikin lallami. Abu biyu ke nan aka haɗa masa, neman mai kyau da tausasa hali.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da tsibin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barrantar da kansa daga duk mai algus. A lura da kyau, wanda bai taɓa kushe abincin da aka ajiye masa ba, shi ne kuma ya tona aibin abincin da aka kasa domin sayarwa. Babu cin karo tsakanin halayen nan biyu. A wurin ci, ni'imar Allah yake girmamawa, a kasuwa kuwa dukiyar mutane yake karewa.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantarwa a zaurukan Wurno cikin Risala da Muhtasar, sun shimfiɗa ƙa'idoji da suka dace da wannan hali. Imam Malik ya halatta sayar da dilar kaya bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. In kayan suka dace da siffar, ciniki ya ɗauru, in suka saɓa, mai saye yana da zaɓi. Allon da ke jikin bango mai ɗauke da sunayen abinci da hotuna da farashi ya yi kama da wannan takarda ƙwarai. An san cewa mai ɗaukar hoto yakan ƙawata, kuma al'ada tana yafe ɗan bambanci. Amma in an nuna nama mai cika burodi aka kawo wanda bai fi bakin cokali ba, ko aka karɓi kuɗin sabon dafuwa aka kawo kwantan jiya, to, siffa ta saɓa, haƙƙi kuma ya rataya a wuyan mai gidan abinci.

Har wa yau malaman sun ce wanda ya sami ɓoyayyen aibi a abin da ya saya yana da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a yadda yake. Sun togace abin da ko mai sayarwa ba zai iya sanin cikinsa ba sai an fasa, kamar kokwamba mai ɗaci ko itacen da ƙwaro ya ci ta ciki. Dafaffen abinci ba ya shiga wannan togiya, domin da hannunsa ya haɗa shi, ya san ranar da ya sayo naman, ya san sau nawa aka soya abu cikin man nan. Sai dai akwai sharaɗi a kan mai saye: in ya ga aibin, sa'an nan ya ci gaba da amfani da kayan, wannan alamar yarda ce, kuma tana zubar da damar mayarwa. Wanda ya share faranti tas, ya sha ruwa, sa'an nan ya miƙe yana cewa ba zai biya ba, ba shi da hujja a shari'a. Lokacin magana shi ne lokacin da aka ga aibin, abinci yana nan a gaban kowa.

Mai karatu zai iya cewa, ai Ibn Hajar ya ce hanin ya haɗa har da kushe girki, to, ta yaya za a mayar da faranti ba tare da an faɗi aibinsa ba? Amsa ita ce a dubi dalilin hanin. An hana kushe ne domin raini ne ga ni'ima, kuma karya zuciya ne ba tare da wani amfani ba. Wanda ya kira mai gidan abinci gefe ya nuna masa abin da aka kawo da abin da aka yi alkawari, bayani yake yi domin a gyara, kamar yadda mai ƙara yake bayani a gaban alƙali. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta yi wa wanda aka zalunta rangwame ya bayyana abin da aka yi masa. Kuma ya tabbata cewa wani mutum ya taɓa tsananta wa Annabi (S.A.W.) wajen biyar bashi, sahabbai suka yunƙura masa, Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana.

Duk da haka, yafewa ta fi. Bukhari ya ruwaito daga Jabir addu'ar rahama da Annabi ya yi wa mutum mai sauƙin kai a wajen saye da sayarwa da neman biya. In abin da aka tauye kaɗan ne, kuma alamu sun nuna kuskure ne na cunkoson ranar Salla, to, wanda ya kau da kai domin Allah ya ci riba mafi girma daga farantin da ya rasa.

Abin Da Ke Cutarwa

Kashi na uku shi ne wanda yafewa ba ta shiga cikinsa, domin haƙƙin ba na mutum ɗaya ba ne. Niƙaƙƙen nama ya fi tsoka guda saurin lalacewa. Dalili kuwa, ƙwayoyin cuta a bayan tsoka suke zama, in aka gasa ta wuta tana kashe su, amma da zarar an niƙa naman sun shiga ko'ina, don haka tilas tsakiyarsa ta dahu sosai. A ƙasar Sakkwato, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, ga kuma yawan ɗaukewar wutar lantarki, naman da firji ya daina sanyaya shi ba ya daɗewa. Ƙananan yara da tsofaffi da mata masu ciki su ne suka fi shan wahala in aka ci irin wannan.

Saboda haka, wanda ya ji nama yana wari, ko ya gan shi ɗanye a tsakiya, ko ya ga ƙazanta a fili, shirunsa ba tawali'u ba ne, domin bayan tashinsa wani magidanci zai zauna a kujerar da 'ya'yansa. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, a cikinsu akwai kai ƙara, da neman taimako wajen kawar da abin ƙi, da faɗakar da Musulmi daga cutarwa. Matakin farko shi ne gaya wa mai wurin. In ya gyara, shi ke nan, sai a rufa masa asiri. In ya yi kunnen uwar shegu, sai a kai magana ga masu iko, watau jami'an duba-gari, ko hukumar NAFDAC wadda aka kafa cikin 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna. Wannan ba sabon abu ba ne ga al'ummar da ta san aikin Sarkin Pawa a mahauta da na muhtasibi a kasuwannin Musulunci.

Sai dai rangwamen nan yana da iyaka. An halatta faɗin abin da ya faru ne, gwargwadon yadda ya faru, ga wanda faɗin zai amfana. Wanda ya ɗauki waya ya baza wa duniya cewa naman mushe ake sayarwa, alhali abin da ya gani burodi ne busasshe, ya fita daga nasiha ya faɗa ƙazafi. Kalma guda irin wannan tana iya rufe sana'ar da gidaje da yawa suke ci daga gare ta, kuma ranar lahira ba a biyan irin wannan bashi da naira.

Yadda Ake Magana, Da Waɗanda Ke Saurare

Sau da yawa wanda ake sauke wa fushi shi ne yaron da ya ɗauko faranti. Shi kuwa bai sayo nama ba, bai yanka farashi ba, bai ɗauki hoton bango ba. Ɗan wani ne ya fito neman halaliyarsa, wataƙila tun safe yake tsaye. Zaginsa barin jaki ne a daki taiki. Annabi (S.A.W.) ya yi umarni cewa in hadimi ya kawo wa mutum abinci, ya zaunar da shi su ci tare, ko kuwa ya ɗebar masa loma ɗaya ko biyu, saboda shi ya sha zafin wuta da hayaƙi. Addinin da ya yi wannan umarni ba zai yarda a ci mutuncin ma'aikaci a bainar jama'a saboda dankali ya huce ba. Abin da ya dace shi ne magidanci ya ce, "Samari, sannu da aiki, don Allah kira mini mai gidanka." In ya zo, a keɓe a yi magana, murya ƙasa ƙasa.

Akwai kuma wasu masu sauraro da suka fi kowa muhimmanci, su ne yaran da ke zaune a teburin. Ba za su daɗe suna tuna ɗanɗanon abincin ba, amma za su riƙe abin da suka ga ubansu ya yi. In suka ga ya buga tebur yana ashar, sun koyi cewa kuɗi yana halatta wulaƙanta mutane. In suka ji shi yana kiran abinci shara, gobe haka za su kira tuwon mahaifiyarsu. In kuwa suka ga an cuce shi a fili ya sunkuyar da kai don jin kunyar wurin zamani, sun koyi cewa mutumin ƙauye ba shi da ta cewa a birni. Amma in suka ga ya yi bisimilla, ya ci abin da ke ciyuwa, ya nemi haƙƙinsa cikin natsuwa, ya yi hamdala ya tashi, to, sun sami darasin da ya fi kuɗin da aka kashe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daɗin daɗawa, abincin da ba a so, matuƙar bai lalace ba, bai halatta a bar shi a zuba a kwandon shara ba. Suratul A'araf, aya ta 31, ta haɗa izinin ci da sha da hana almubazzaranci. Mutanen wannan yanki ba su bukatar a tuna musu darajar loma. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984. Matasa sun ga ambaliyar 2010 wadda ta shafe gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima. Kowa kuma ya san abin da ya biyo bayan harin ƙauyen Tabanni na ƙasar Rabah cikin 2018 da na kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, yadda rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, ya mai da masu ciyarwa masu jiran a ciyar da su. Abin da yaro ya ture don bai yi masa daɗi ba, a ƙofar gidan abincin nan akwai wanda zai karɓa da hannu biyu. Sai a sa a ƙunshe, a bayar.

Ya kamata kuma magidanci ya binciki zuciyarsa, ya ga mene ne ainihin abin da ya ɓata masa rai. In niyyarsa ita ce faranta wa iyali, wannan sadaka ce, kuma ladanta ya riga ya tabbata tun lokacin da ya fitar da kuɗin, ko abinci ya yi daɗi ko bai yi ba. In kuwa ya je ne domin a ce shi ma ya je, to, ko da an kawo masa abin da ya fi na hoton, zuciyarsa ba za ta cika ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya taɓa neman mahaɗi a gidansa, aka ce babu kome sai khalli, watau wani ruwan tsami da ake tsoma gurasa a ciki. Ya sa aka kawo, ya ci yana yabonsa. Wanda ya iya farin ciki da gurasa da ruwan tsami, babu mai abincin da ya isa ya ɓata masa Salla.

Su kuma masu gidajen abinci, su sani sana'arsu mai daraja ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya kuma rasu a can cikin 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji littafin Usulus Siyasa, inda ya hore shi da kula da masu sana'a waɗanda jama'a ba ta iya zama sai da su, a cikinsu har da manoma da mahauta. Amma daraja tana tafiya ne da amana. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. In nama ya yi tsada, gara a ƙara farashi a fili, ko a rage girman hoton, da a bar hoto yana faɗin abin da faranti zai ƙaryata. In abu ya ƙare a ce ya ƙare, in na jiya ne a ce na jiya ne. Mai saye da ya zo da ƙorafi cikin ladabi kuwa, masoyi ne, domin da ya so sai ya tafi shiru ya hana mutum goma zuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A taƙaice, abin da bai yi wa baki daɗi ba a bar shi ba tare da kushe ba. Abin da aka tauye a neme shi da kyakkyawan lafazi tun yana gaban ido, ko a yafe domin Allah. Abin da zai cutar da jama'a kuwa a faɗe shi ga wanda zai iya hanawa, ba ƙari ba ragi. Allah Ya sanya albarka a cikin abincin Musulmi da cinikinsu, Ya ciyar da mayunwata, Ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu zuwa gonakinsu cikin aminci. Allah Shi ne Mafi sani.